Nauyin bakin kibiya a baka mai sauƙin ja: abin da na koya

Kuskure ɗaya ne ya fi cutar masu harbi da baka mai sauƙi a nan Damagaram, kuma daga manya ake gadonsa. Sai a ce wa yaro bakanka ba ƙarfi, je maƙeri ya rage maka ƙarfen kai don kibiya ta yi gudu. Gudun kam za ta yi, a filin wasa kowa ya yaba nisanta. A daji kuwa tana taɓa haƙarƙarin gada sai ta tsaya, dabba ta tafi da rauni ta mutu inda ba mai yanka ta. Maigidan da ya ba da shawarar kuma shi ne zai fara cewa hannun yaron ne ba kyau, ko an yi masa sammu. Wannan zalunci ne ga yaron da dabbar duka.

Baka mai jan kilo 16 zuwa 18 ƙarfinsa kaɗan ne, kibiya mai nauyi ce ke kwashe mafi yawansa daga tsirkiya. Mara nauyi takan bar sauran a jikin baka: ka ji ƙara, hannu ya girgiza, a kwana a tashi itacen ya tsage. Saboda haka a fara auna bakan. A maƙala sikelin rataye a tsirkiya, a ja daidai inda ake tsayawa wajen harbi. Kowane kilo ɗaya na ja yana son kamar giram ɗaya da rabi na kibiya gaba ɗayanta, wato giram 26 zuwa 30 ga baka mai kilo 18. Daga ciki bakin ya ɗauki giram 8 zuwa 13. Bakin kanti da aka rubuta wa 125 (a ma'aunin Turawa na "grain") giram 8 ne da ɗigo, mai 200 kuma giram 13. Wanda maƙeri ya ƙera, a kai shi kan ma'aunin masu zinari a Kasuwar Dole. Auna shi a tafin hannu yaudarar kai ce.

Kibiyarmu ta kyauro ba gashi gare ta ba, nauyin gaba ne kaɗai ke miƙe ta a iska. A ɗora ta kan yatsa. Mai tsawon santimita 70 ta daidaita kamar santimita 10 zuwa 12 gaba da tsakiya. In ta tsaya kusa da tsakiya, za ta riƙa kaɗa gindi, ta isa a karkace, balle da hunturu.

Nauyin ma yana da iyaka, domin yawansa na sa kyauro ya lanƙwashe fiye da kima lokacin saki. A gwada a tarin yashi daga taki 10. In kibau suna shiga a gicciye, kullum gefe guda, a rage tsawon kyauron santimita ɗai-ɗai muddin bai gaza tsawon jan ba, ko a nemi mai kauri. Rage ƙarfe shi ne na ƙarshe.

Baki mai kaifi biyu, siriri, tsawonsa kusan ninki uku na faɗinsa, ya fi mai faɗi shiga. A wasa shi har ya aske gashin hannu. Wutsiyar ƙarfen in ta yi kauri tana fasa kyauro, sai a naɗe wurin da jijiya tsawon yatsa uku. Kibau duk na kwari ɗaya su zama nauyi ɗaya. Kada a wuce taki 20, don mai nauyi tana saurin sauka. Zabo da zomo ba su bukatar bakin da ya fi giram 8. A nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a fita, dabbobin gandun dajin Termit da Tin Tumma kuwa doka ta kare su.