Ƙaura Uku da Rubuce-rubucena

Na fara wallafa rubuce-rubucena a kan kwamfuta da manhajoji a Blogger, dandalin da Google ya saya a shekarar 2003, domin ba ya buƙatar ko sisi, kuma ko daga shagon intanet mutum yana iya fitar da rubutunsa. Dabarar da na yi tun a lokacin, wadda har yau nake cin moriyarta, ita ce na sayi sunan adireshi nawa na kaina na ɗora a kai.

Da rubuce-rubucen suka yi yawa, sai na koma WordPress, manhajar gina shafin intanet, domin in riƙe ragamar wurin da hannuna. Blogger yana gina adireshin kowane rubutu da shekara da wata, ya rufe shi da .html, ni kuwa na zaɓi gajeren tsari a sabon gida ba tare da na tuna da mutanen da suka riga suka rarraba tsofaffin adireshin a Facebook da WhatsApp ba. Duk wanda ya latsa sai ya ci karo da 404, alamar cewa babu abin da yake nema. Maganin shi ne umarnin 301, wanda ke shaida wa burauza da injin bincike cewa rubutun ya tashi ke nan, ga sabon mazauninsa, kuma sai da na bi rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya kafin hankalina ya kwanta.

Ƙaura ta biyu ce ta fi taɓa mini zuciya. Na sauya kamfanin da nake hayar wurin ajiye shafina a wurinsa, na kwashe rumbun bayanai na zuba a sabon wuri ba tare da na duba tsarin haruffa ba. Da na buɗe rubutun da na yi a kan girka Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, sai na ga “ƙwaƙwalwa” ta zama “Æ™waÆ™walwa”, haka kuma duk inda ɗ da ɓ suke sun rikiɗe sun zama tarkace. Dalilin shi ne a tsarin adana haruffa na UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu yake ci (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta), idan kuwa aka karanta shi da tsohon tsarin harsunan Yammacin Turai, sai kowane bayit ya fito a matsayin harafi dabam. Mai rubutu da Ingilishi zai iya yin wannan kuskure bai ga wata ɓarna mai yawa ba, amma mai rubutu da Hausa kusan kowane layi nasa sai ya lalace. Allah Ya taimake ni ban goge kwafin asali ba.

Bayan ƙaura ta uku, yanzu ina amfani da Hugo, manhajar da ke mayar da fayilolin rubutu shafukan intanet, wadda ta fito a 2013. Kowane rubutu fayil ne guda na Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, da ke zaune a kwamfutata, ina iya buɗe shi ko babu intanet, shafukan kuma suna buɗewa da sauri ga mai ƙaramar data. Na yi asarar sauƙin rubutu daga waya, wadda nake jin zafinta idan ina kan hanya, amma na karɓe ta da sanina. A makon jiya na latsa wani tsohon adireshi mai .html da na taɓa aika wa ɗalibaina, ya kai ni kan rubutun kai tsaye, haruffansa duka a yadda na rubuta su.