Fushin Minti Biyar, Katin Shekara Goma Sha Ɗaya

Tun watan Maris wasiƙar ta iso, ni kuwa ban buɗe ta ba sai a watan Yuni, bayan aikin gama ya gama. Duk mazaunin Amurka ya san tarkacen da ake cusa wa mutum a akwatin wasiƙa: tallar inshora, tallar kati, tallar masu gyaran rufi. Nawa a wani tsohon buhun shinkafa nake zuba su bayan ƙofar kicin, in an kwana biyu in zauna in yayyaga. A cikin buhun nan ta yi wata uku, layi huɗu kacal a jikinta: banki ya rage iyakar katina na bashi, wato mafi yawan abin da zan iya ci bashi da shi, daga dala 10,000 zuwa dala 1,000.

Katin bashi biyu gare ni a lokacin. Na farkon na buɗe shi a 2012, shekara ɗaya da zuwana Houston, irin wanda sai ka ajiye musu kuɗinka tukuna su ba ka. Dala 300 na ajiye. A hankali suka mayar mini da ajiyata, suka riƙa ƙara iyakar har ta kai dubu goma. Na biyun na dala 5,000 ne, shi nake gogawa a gidan mai da kantin cefane saboda ɗan abin da suke mayar wa mutum a kan kowace sayayya. Ban taɓa biyan sisi na kuɗin ruwa ba, ina kuma alfahari da hakan. Wata na ƙarewa in biya duka. Babban katin kuwa tsoronsa nake, don na ga yadda ya kai wasu ya baro. Na sa shi a aljihun tebur tare da fasfo, ya fi shekara biyu ko ruwan gora ban saya da shi ba. A ganina tsantseni nake yi.

A 2023 muka yanke shawarar mun gaji da haya. Na je wurin ɗaya daga cikin kamfanonin nan da ke saya wa mutum gida bisa tsarin Musulunci, na ɗauka tunda ba ruwa a harkarsu, ba ruwansu da makin kiredit, wato makin da ake auna amanar mutum wajen biyan bashi da shi. Ashe su ma shi suke fara dubawa, da shi suke yanke yawan ribar da za su ɗora maka. Ban damu ba. Ƙarshen ganina da makina, wajen watan Fabrairu, 761 ne, ma'aunin wannan makin kuwa, da ake kira FICO, daga 300 yake farawa ya tsaya a 850. Muka samu gida mai ɗaki uku, masallaci tafiyar minti bakwai a mota. Uwargida har ta zaɓi inda za ta shuka yakuwa.

Ran da jami'ar kamfanin ta kira ni ina wurin aiki. Ta ce, "Akwai wani babban bashi da ka ci kwanan nan?" Na ce ni? Ba wanda ke bina ko kwabo. Ta ce to makinka 698. Na ce ta sake dubawa, wataƙila sunan wani ne ya shiga nawa. Ta karanto mini: ana bin ka dala 4,200, jimillar iyakarka kuma dala 6,000. Na ce 15,000 dai. Ta ce 6,000.

Dala 4,200 ɗin gaskiya ce. A watan Mayu na yanki tikitin uwargida da ƙaramar 'yarmu, za su je Kano Babbar Sallah, ga tsaraba, ga cefanen wata. Kuɗin na nan a asusuna, ranar biya kawai nake jira kamar kullum. Abin da na yi shekara goma sha ɗaya ban sani ba shi ne, yawancin bankuna ba ranar da ka biya suke kai rahotonka ba. Ranar da suka rufe lissafin wata, abin da suka tarar a kan katin shi suke aika wa Equifax da Experian da TransUnion, kamfanoni ukun da ke ajiye rahoton bashin kowa. Ko da washegari za ka biya duka, an riga an ɗauki hotonka da kaya niƙi-niƙi a kai. Da iyakata ta dā, 4,200 cikin 15,000 kashi 28 ne cikin ɗari, ba yabo ba fallasa. Da suka zabtare dubu tara, kuɗin bai ƙaru da ko taro ba, amma ya koma kashi 70. Wannan ɓangaren na yawan abin da ake binka shi ke ɗauke da kashi 30 na makin FICO, biyan bashi a kan kari ne kawai ya fi shi, da kashi 35. Ga na'urar da ke lissafin nan, ni mutum ne da ruwa ya kusa cinyewa.

Da yamma na zazzage buhun shinkafa a tsakar falo, na tsinci wasiƙar tsakanin tallar katifa da ta likitan haƙori. Nan take na kira bankin. Daga nan kuma laifin nawa ne.

Yarinyar da ta ɗauka ba ta yi mini rashin kunya ba. Ta ce an duba asusun, an ga an daɗe ba a taɓa shi ba, sai aka daidaita iyakar da yadda nake amfani da shi. Kalmar "daidaita" ɗin nan ce ta tunzura ni. Na ce shekara goma sha ɗaya ban taɓa makara ko kwana ɗaya ba, sakayyata ke nan? Ta fara cewa, "Idan kana so zan iya tura buƙatar a sake du..." Ban bari ta kai aya ba. Na ce ta rufe katin. Ta ce ka tabbata? Na ce rufe shi yanzu, ba na son ko ganinsa. Ta karanta mini wasu dogayen sharuɗɗa ban saurara ba, na kashe waya, na ɗauko almakashi na raba katin gida huɗu. Wallahi a daren nan ji nake na rama.

Uwargida tana ninke kayan tafiya, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Maigida, su ka hora ko mu?"

Da safe na kira jami'ar kamfanin gidan ina ba ta labari da ɗan taƙama. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ta ce me ya sa ban kira ta kafin in yi ba. Yanzu iyakarka 5,000 ce kawai, in ji ta, 4,200 ɗin nan ya zama kashi 84. An gudu gara an faɗa gidan zago. Na koma wa bankin kwana biyu bayan nan, murya ƙasa-ƙasa, aka ce mini sai dai in nemi sabon kati daga farko. Sabon nema kuwa yana nufin su tono rahotona, tonon ya zauna a kai shekara biyu, ya kuma ɗan rage maki, jami'ar kuma ta riga ta gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe komai kafin a gama cinikin gida.

Har yau idan na tuna rabin jimlar da na katse wa yarinyar nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Hanya take nuna mini. Daga baya na ji mutum biyu a masallaci da aka yi wa irin wannan ragin, suka kira cikin lalama, suka faɗi abin da suke samu a shekara, suka nemi a sake dubawa. Ɗaya an mayar masa da duka, ɗaya an mayar da rabi. Ba kowa ake mayar wa ba, amma ni ko tambayar ban yi ba.

Da zuciya ta huce sai na zauna na yi tunanin abin daga ɓangarensu, duk da ba daɗi. Ni a wurinsu wane ne? Mutumin da ba ya biyan ruwa, ba ya goga kati balle su samu ɗan kason da masu kanti ke biya, amma yana riƙe da alkawarin dala dubu goma da zai iya kwashewa cikin yini ɗaya. Kuma wa ke tashi rana tsaka ya kwashe katin da ya yi shekaru a aljihun tebur? Sau da yawa wanda aiki ya kufce masa ne, ko ciwo ya kwantar. Wato ba sa cin komai da ni ina lafiya, ranar da na shiga uku kuma su ne za su ɗauki asarar. Ko mai kanti a Kwari ba zai ware wa mutum dila goma ya ajiye shekara biyu ba ya zuwa ba.

Rashin amfani ma ɗaya ne cikin dalilai. Suna leƙa rahotonka lokaci-lokaci ba tare da ka sani ba, leƙen da ba ya taɓa maki. In suka ga bashinka ya kumbura a wani bankin, ko ka makara a wani wuri, ko ka koma biyan mafi ƙanƙantar abin da aka yanka maka wata bayan wata, ko kana cirar tsabar kuɗi da katin, sai su fara ja da baya. Wani lokacin kuma ba kai ba ne sam. A rikicin tattalin arziki na 2008 da lokacin korona a 2020, bankuna sun rage wa jama'a da yawa iyaka, har da waɗanda ba su taɓa saɓa alkawari ba. Wanda ya fi ba ni tausayi wani Alhaji ne mai tuƙin babbar mota da muke sahu ɗaya. Ya dage yana rage bashinsa, ya biya dala dubu biyu, suka rage iyakarsa da kusan dubu biyu. Ya sake biya, suka sake bin sa. Ya ce mini, "Ɗana, kamar mai haƙa rami ana binsa da ƙasa." Bashi na raguwa, amma kullum katin a cike yake a idon masu lissafi.

Na nemi abin da doka ta ce, ina fatan in samu sandar duka. Babu. Dokar katin bashi da Obama ya sa wa hannu a 2009 ta tilasta musu ba ka sanarwar kwana 45 kafin su ƙara kuɗin ruwa, amma rage iyaka suna iya yi ba tare da sun gaya maka tun kafin ba. Abin da aka hana su shi ne su ci ka tara don ka haura sabuwar iyakar alhali ba su ba ka sanarwar kwana 45 ɗin ba. In kuma abin da suka gani a rahotonka ne ya sa suka rage, dole su faɗa maka kamfanin da ya ba su rahoton, kana da kwana 60 ka karɓi kwafi kyauta. Shi ke nan.

Gyaran kansa bai yi wuya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na biya 4,200 ɗin ba tare da jiran ranar biya ba, na karɓo takardar shaida, jami'ar ta tura a sabunta makin cikin gaggawa, hanyar da masu ba da kuɗin gida ne kaɗai ke iya nema. A irin lissafin FICO da suka duba mini, wannan ɓangaren ba ya riƙe ƙullaci: abin da ake binka na sauka, maki na tashi. Ba kamar makarar kwana 30 ba, da ke zama a rahoto shekara bakwai. Makina ya dawo 749. Tsohon katin ma ta ce zai ci gaba da bayyana a rahoton har wajen shekara goma, don haka shekarun da na tara ba su zube nan take ba.

Sai dai kai-komon ya ci kwana goma sha shida, mai sayar da gidan kuma ba dangina ba ne. Wasu suka zo da takardunsu a kammale suka ɗauke. Da na so, da na ci gaba da 698 ɗin, amma farashin hawa-hawa yake, kowane maki 20 da matakinsa, daga 761 zuwa 698 kuwa na sauko mataki huɗu, a kan yarjejeniyar shekara 30. Ban iya ba. Muka ƙara wata biyar a haya, wata-wata, wanda ya fi na shekara tsada. Gidan da muka samu daga baya ba laifi, amma bayansa siminti ne, yakuwar a bokiti take.

Yanzu da kati ɗaya na dubu biyar nake lallaɓawa, ga wani ƙarami da na buɗe bayan mun tare. Kwana uku kafin ranar rufe lissafi waya ke tuna mini in biya, ba ranar biya nake jira ba. Ƙaramin na ɗora masa kuɗin intanet na gida ya riƙa cira da kansa duk wata, don kada shi ma a ce ya yi barci. Rahotannin nan uku kuma ana iya duba su kyauta kowane mako a shafin da doka ta tanada, ni sau ɗaya a wata nake leƙawa, iyaka nake fara dubawa kafin maki.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga wancan bankin, ambulan mai sheƙi. Na buɗe a tsaye bakin akwatin. Wai suna farin cikin sanar da ni cewa na cancanci neman katinsu, irin wanda na yanka da almakashi. Na miƙa wa uwargida. Ta karanta, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin bokitin yakuwa don yana ɗiga.