Inda Bature ya ce tongue, Bahaushe yakan ce baki

Duk ɗalibin da ya buɗe ƙamus ya nemi tongue, harshe zai tarar. A wajen tsokar da ke cikin baki, da wajen yaren da al'umma ke yi, kalmomin biyu sun zo daidai kamar an auna. Da zarar an shiga salon magana kuwa, sai hanya ta rabu: mafi yawan wuraren da Bature ya ɗora wa harshe laifi ko yabo, Bahaushe baki yake ɗora wa. Wannan ne ke kayar da ɗalibanmu a nan Bauchi a jarrabawar WAEC da NECO, shi ne kuma ke sa ka ji fassara a rediyo, kalmomin duk Hausa ne, amma kunne ya ƙi karɓa.

A fara da furuci, don a nan ake fara tuntuɓe. Haruffan kalmar 6 ne, sautinta 3 kacal. Ba a furta u da e na ƙarshe, ita ma g ba ta fitowa ita kaɗai. Dabarar mai sauƙi ce: ka ce tangaran, amma ka tsaya kafin ka kai ga "ga". Abin da ya rage a bakinka shi ne tongue. Sautin ƙarshen nan ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe, shi ne wanda ke ƙarshen nan da can, inda doron harshe ke taɓa hanɗa iska ta fita ta hanci. Saboda haka tongue tana tafiya da young, da sung, da lung. A takardar furuci ta WAEC, idan aka ce ka zaɓi kalmar da ta yi amsa-amo da ita, aka jera maka song ko long, tarko ne, rubutun ne kawai ya yi kama. Wadda ke tafiya da long ita ce tongs, wato awartakin maƙera, kuma babu abin da ya haɗa ma'anarta da ta tongue. A rubutu ma ana yawan juya haruffa a rubuta "tounge". Ka riƙe cewa ƙarshenta g-u-e ne, irin na league da vague.

Batun tsoka da yare su zama kalma ɗaya ba Hausa da Turanci kaɗai suka yi tarayya a kai ba. Balarabe lisan yake cewa ga duka biyun, kuma da jam'inta aya ta 22 ta Suratur Rum ta ambaci saɓanin harsunan mutane da launukansu. Maƙwabtanmu Fulani ɗemngal suke cewa, tsoka ko yare. Ita kanta language ta shigo Turanci ne ta Faransanci, daga lingua ta Latin, wadda ma'anarta harshe. Sai dai a Turancin yau aikin ya rabu. Language ce ke ɗaukar ma'anar yare a maganar yau da kullum, tongue kuma ta koma ta adabi da tsofaffin rubuce-rubuce. Wanda ya rubuta "I speak three tongues" a wasiƙar neman aiki za a gane shi, amma ya yi kamar wanda ya sa babbar riga zai je gona. Inda take da rai sosai shi ne mother tongue da native tongue.

Ita mother tongue tana buƙatar a ɗan tsaya mata, musamman a jiha irin tamu. Ma'anarta yaren da yaro ya fara buɗe baki da shi, ba yaren ƙabilar mahaifiyarsa ba. Yaron da iyayensa Jarawa ne ko Gerawa, amma ya tashi a Wunti ko Fadamar Mada bai ji ana yi masa komai ba sai Hausa, to Hausa ce harshen uwarsa a wannan ma'ana, ko da zai faɗi asalinsa da alfahari in an tambaye shi ƙabila. Tambayoyi biyu ne daban, kuma masu cike takardu suna yawan haɗa su. Ranar da UNESCO ta keɓe a 1999, wadda ake yi kowace 21 ga Fabrairu, Mother Language aka sa mata, duk da haka fassararmu ɗaya ce, Ranar Harshen Uwa ta Duniya.

To, ga inda baki ke karɓar aiki. "Hold your tongue" ba riƙe harshenka ba ne, kama bakinka ne, ko ja bakinka ka yi shiru. Umarni ne mai kaushi, babba ke faɗa wa na ƙasa, don haka kada ɗalibi ya yi gangancin faɗa wa malami. "Bite your tongue" ta bambanta da ita ta fuskar wanda ya hana: a nan kai ne ka hana kanka. Magana ta zo maka har baki, ka san in ka faɗa za ta ta da ƙura, sai ka haɗiye ta. Wanda ya fassara "she bit her tongue" da ta ciji harshenta ya mai da haƙuri ciwo, sai fa in labarin cin abinci ake yi. "Watch your tongue" iya bakinka ne. "A loose tongue" shi ne mutumin da bakinsa ba ya riƙe magana, abin da ya ji a zaure kafin la'asar ya kai kasuwar Muda Lawal. In aka ce wani abu ya "set tongues wagging", ya jawo ce-ce-ku-ce ke nan, mai shi ya shiga bakin duniya. Tambayar nan da ake yi wa yaron da ya yi tsit, "cat got your tongue?", kyanwa ba ta da gurbi a Hausarta ko kaɗan: an ɗinke maka baki ne? "A tongue-lashing" kuwa wankin babban bargo ne, faɗa na sosai wanda ba duka a cikinsa.

"A slip of the tongue" tana cikin 'yan kaɗan da Hausa ta ba ka zaɓi. Kana iya cewa suɓutar baki, ko suɓul da baka, kana kuma iya cewa tuntuɓen harshe. Abin kula a nan nahawun Turancin ne. Da the ake faɗinta, "slip of tongue" da ake yawan ji a wajenmu kuskure ne a takardar jarrabawa. Haka "on the tip of my tongue", on ce ba at ba, kuma ana nufin sunan da ka sani sarai, ga shi nan a bakinka, amma ya ƙi fitowa. Wakilin suna ma dole ya bi wanda ya yi aikin: I held my tongue, she held her tongue, they held their tongues.

Akwai wurare biyu da fassara kai tsaye ke iya ɓata wa mutum suna, kuma su suka fi damuna.

Na farko silver tongue. A Turanci mai silver tongue shi ne wanda ya iya tsara zance har ya shawo kan jama'a. Wani lokaci yabo ne zalla, wani lokaci da ɗan zargi a ciki, sai jimlar ta nuna maka. Hausa ba ta bar abin a dunƙule haka ba, ta raba. In yabo ne, sai a ce mai fasahar magana, ko ya iya magana. In zargi ne, daɗin baki ko zaƙin baki, irin na dillali ko saurayin da ba aure ya kawo shi ba. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, an yi masa laƙabi da Golden Voice of Africa saboda iya jawabinsa. A ce wani marubuci ya kira shugaba irinsa silver-tongued da niyyar yabo, mai fassara ya sa mai daɗin baki, to ya zage shi bai sani ba.

Na biyu forked tongue, kuma tarkonsa ya fi ɓuya domin hoton iri ɗaya ne. Bature ya dubi maciji ya ga harshe mai reshe biyu, Bahaushe ya dubi damo ya ga haka. Sai mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala, ya ce ai harshen damo ne. Amma magana mai harshen damo ita ce wadda za a iya fahimta ta fuska biyu, wataƙila da gangan, wataƙila rashin tsari ne kawai, kamar sanarwar da kowane ɓangare zai karanta ya ce shi aka bai wa gaskiya. "To speak with a forked tongue" kuwa zargi ne kai tsaye na yaudara: ka faɗi abu, zuciyarka na kan wani. Hausarsa ita ce munafunci, ko fuska biyu. Ita harshen damo, in za a mayar da ita Turanci, ambiguous ce ta fi kusa. Wanda ya musanya su, ko dai ya sassauta zargi mai nauyi, ko ya ɗora wa mutum ƙaryar da ba a ce ya yi ba.

Tongue-in-cheek ma tana ba da wahala, don babu kalma ɗaya da ta rufe ta ruf. Magana ce da aka faɗa da fuskar gaske alhali zolaya ce, irin wadda abokan wasa ke yi wa juna, Bafulatani da Babarbare, kowa ya san ba har zuci ba. Gatse ya fi ta zafi, shi yana ɗauke da haushi. A fassara ya fi kyau a ce cikin raha ya faɗa, ko da wasa yake. In ta zo gaban suna ana sa mata karan ɗori, a tongue-in-cheek remark, in ta zo bayan aikatau kuma a bar ta haka, he said it tongue in cheek.

Ba kullum harshe ke faɗuwa ba. Sharp tongue kaifin harshe ne, tongues of flame harsunan wuta ne, "keep a civil tongue" kuma tausasa harshe. "Speaking in tongues" da ake ji a wasu majami'u magana da waɗansu harsuna ce, asalinta labarin ranar Fentikos a sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni. Wani wurin ma Hausa ta fi taƙaitawa: abin da Turanci ke buƙatar kalmomi huɗu, "stick out your tongue", mu gwalo kawai muke cewa in na tsokana ne. In likita ne ya faɗa, fito da harshenka yake nufi, kuma ɗan katakon da yake danne shi da shi don ya ga maƙogwaro sunansa tongue depressor. Tongue twister shi ne karya-harshe, irin "turmi ture kura, kura ture turmi", nasu kuma "red lorry, yellow lorry".

Tongue-tied tana da fuska biyu, kuma ya kamata ma'aikatan jinya da masu yi musu tafinta su bambance. A maganar yau da kullum mutum ne da kunya ko tsoro ya sa bakinsa ya mutu, kamar saurayi a gaban surukai. A asibiti kuwa tongue-tie shi ne linzami, 'yar fatar ƙarƙashin harshe da ke zuwa gajera ko da kauri ta hana harshen jariri motsi yadda ya kamata, har kama nono ya yi masa wuya. A al'ada wanzami ke yanke shi. Shawarata a kai jaririn asibiti a duba tukuna, domin ba kowane linzami ke buƙatar yanka ba, kuma wurin yana da jijiyoyin jini kusa.

Saura ma'anonin masu sana'a. Fatar da ke ƙarƙashin igiyar takalmi sau-ciki tongue ce. Ɗan ƙarfen da ke lilo cikin ƙararrawa, da tsinken da ke shiga hudar bel, duk haka ake kiransu. A tongue of land tsiririn ƙasa ne da ya kutsa cikin ruwa. Kafintoci kuma suna da tongue and groove, wanda a bakinsu ya zama "ti an ji": ana fitar da ɗan tudu a tsawon gefen katako ɗaya, a sassaƙa kwari a gefen ɗayan, sai wannan ya shige cikin wancan su haɗe ba tare da rata ba. Da shi ake silin da daɓen katako. Tudun shi ne tongue, kwarin shi ne groove. In aka haɗa katakon yana ɗanye, da hunturu ya busa sai ya tsuke, tudun ya zame daga kwarin, layi ya buɗe a silin. Shi ya sa ake barin katakon ya bushe a ɗakin da za a yi aikin kafin a buga ƙusa.