Na'urar lanƙwasa alminiyam da na haɗa domin ƙera ƙaramin jirgi

Wanda ya zaɓi ƙera ƙaramin jirgin sama STOL CH 701 (STOL na nufin mai tashi da sauka a gajeren fili) daga zane, maimakon sayen sassan da kamfanin Zenith na jihar Missouri ta Amurka ya riga ya yanke ya lanƙwasa, dole ne ya tanadi na'urar lanƙwasa fallen alminiyam tun kafin ya taɓa fuka-fukai. Injiniya Chris Heintz, wanda ya fitar da jirgin a 1986, ya tsara shi ne ta yadda mutum zai iya ƙera shi a gareji da kayan aiki masu sauƙi, amma dogayen sassan da ke cikin fiffike da jela suna buƙatar lanƙwasa miƙaƙƙiya daga wannan baki zuwa wancan, kuma na'urar masana'anta mai irin wannan tsawo tana da tsada ƙwarai.

Tawa na haɗa ta ne da ƙarafa uku masu kusurwa, kowanne ƙafa takwas. Ɗaya yana ɗaure a jikin teburi, na biyu yana danne fallen daga sama da noti, na uku kuma an haɗa shi da na farko da dogon hinji, shi ne ake ɗagawa da hannu ya lanƙwasa fallen. Duk mai walda zai iya haɗa wannan cikin yini guda.

Inda aikin yake shi ne bakin ƙarfen da ke danne fallen. Mai ƙera akwati ko bokiti yana son kusurwa mai kaifi, domin kwanonsa yana da taushi, yana jurewa. Alminiyam ɗin 6061-T6 da ake amfani da shi a wannan jirgi an taurara shi da zafi, kuma ko da yake kaurinsa a wurare da yawa bai wuce inci 0.016 zuwa 0.025 ba, idan aka lanƙwasa shi a kan baki mai kaifi sai gefen waje na lanƙwasar ya miƙe fiye da ƙarfinsa, ya yi 'yan tsage-tsage waɗanda ido ba ya saurin gani, girgizar inji kuma ta riƙa faɗaɗa su a hankali. Saboda haka na zauna da magagari na goge bakin har ya zagaye daidai da sandar da kaurinta ya kai rubu'in inci, sannan na bi shi da takardar yashi, domin kowace ƙarzuwa da ke jikin ƙarfen za ta bar tabonta a jikin alminiyam. A ganina, wanda ya yi gaggawa a wannan mataki bai kamata ya ci gaba ba.

Matsala ta biyu ita ce tsakiyar na'urar, wadda takan ba da kai idan aka matsa, har gefuna su kai digiri 90 ita kuwa ta gaza. Maganinta shi ne a ƙara ƙarfe a bayan madannin, a kuma sa hannaye biyu, mutum biyu su ɗaga tare.

Alminiyam yana ɗan komawa baya idan aka sake shi, don haka ana wuce kusurwar da ake so da 'yan digirori, kuma adadinsu yakan canza da kaurin falle. Haka nan falle yana da layin da injin masana'anta ya murza shi, kuma ya fi jure lanƙwasa idan aka gitta layin. Kafin kowane sashe nakan yanki ɗan guntu daga fallen da zan yi aiki da shi, in goge gefunansa, in lanƙwasa, in auna kusurwar, sannan in duba bayansa da gilashin ƙara girma. Idan na ga tsaga, sai in naɗa wani siririn falle a bakin madannin domin zagayen ya ƙara faɗi, in sake gwadawa.