Rumbunan hatsi na Buffalo

A makon jiya na shiga kwale-kwale a kogin Buffalo da ke jihar New York a Amurka, muka ratsa tsakanin manyan rumbunan hatsi na siminti waɗanda tsayinsu ke sa mutum ɗaga kai har wuyansa ya gaji, kuma har yanzu abin da na gani bai bar zuciyata ba.

Bayan an buɗe mashigin ruwan Erie, wata hanyar ruwa da aka haƙa don haɗa Buffalo da kogin Hudson mai zuwa birnin New York, a 1825, alkamar da jiragen ruwa ke kwasowa daga yammacin ƙasar ta manyan tafkuna sai an sauke ta a Buffalo, a zuba a ƙananan jiragen da za su wuce birnin New York. Leburori ne, yawancinsu 'yan Ailan, ke dakon hatsin a bayansu, har jirgi ɗaya ya kwana da kwanaki ana sauke shi. A 1842 wani ɗan kasuwa, Joseph Dart, tare da injiniya Robert Dunbar, suka fara gina rumbun da injin tururi ke juya bel mai jere da bokitai, yana kwaso hatsi daga cikin jirgi kai tsaye.

Da aka buɗe hanyar ruwan St. Lawrence a 1959, wadda ta ba manyan jirage damar wucewa daga manyan tafkunan zuwa tekun Atlantika kai tsaye, yawancin jirage suka daina tsayawa a Buffalo, ciniki ya ja baya. Na taɓa bangon ɗaya daga cikin rumbunan da aka yi watsi da su, ciyawa ta tsiro a tsagar simintin, tattabaru na shige da fice ta tagogin sama. Rushe rumbun Great Northern da aka gina a 1897 ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a ganina gyara ya kamata a yi masa. Da muka juyo, iska ta kawo mana ƙamshin gasasshen hatsi daga masana'antar General Mills, wadda har yau take aiki a bakin kogin.