Masarar bayan gida da giɓin da ke jikinta

A daminar bana na shuka masara layi ɗaya tak a bayan gida, ta yi goyo gwanin sha'awa, amma da na ɓare sai na tarar da ƙwayoyin jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Na ɗora laifin a kan taki, ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Kowane silin gemun masara yana haɗe ne da gurbin ƙwaya guda, kuma sai garin bununi ya sauka a kansa, ya zura siririn bututu har ciki, sannan ƙwayar ta ƙullu, ta cika da ruwa kamar madara, daga baya ta ƙosa. Iska ce ke ɗaukar garin, kuma da yake layina ɗaya ne, yawancinsa a ƙasa ya zube. Baɗi layuka huɗu zan shuka kusa da juna.