Kifin da na tsinke wa zare a kogin Brooks

Har yau idan na tuna daƙiƙun da na ɓata ina riƙe da sandar fatsa, sai gabana ya faɗi.

A watan Satumba muka je ni da yayana. Daga garin King Salmon wani ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa ya ajiye mu a bakin tafkin Naknek, cikin gandun dajin Katmai na jihar Alaska ta Amurka, inda babu titin mota da ya kai. Kafin ka huta a masauki sai jami'an gandun sun zaunar da kai sun karanta maka dokar zama da beyar, wani ƙaton dabban daji mai cin kifi: tazarar yadi 50, kada ka gudu, idan kuma ya nufo ka da kifi a ƙugiyarka, ka yanke zare. Na ji, na gyaɗa kai.

Da kaka kogin Brooks ja yake komawa. Kifayen salmon sun gama zuba ƙwai, jiki jawur, kai kore, suna mutuwa a gefen ruwa, ƙarninsu ya cika ko'ina. A bayansu kifayen trout ke jeruwa suna tsintar ƙwan da ruwa ya kwaso, don haka ɗan dutsen ado mai kalar ƙwai muke ɗaurawa a saman ƙugiya. Su kuma beyar suna ta ci, suna tara kitsen da za su kwanta da shi duk hunturu.

Rana ta uku da hantsi na kama trout ɗin da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya yi tsalle sau biyu, jan zanen gefensa yana walƙiya. Ƙarar faɗawarsa ruwa ce ta fito da beyar daga cikin ciyawa, ƙato, wuyansa duk a jiƙe. Jagoranmu ya ce in yanke. Yaya ya ce, "Kai, sake shi!" Ni kuwa cewa na yi, "Yaya, ɗan dakata, ya kusa." Da na farga na lalubi almakashi, ashe yana cikin jakar bayana. Sai da na miƙa sandar sosai wajen kifin na fizge zaren ya tsinke. Muka ja da baya a hankali, beyar ɗin ya tsaya daidai inda kifin ya yi tsalle yana sunsuna ruwa, har ina jin hucinsa.

Jagoran bai ɗaga murya ba, hakan ya fi ƙona min rai. Ya ce da beyar ɗin ya samu kifin nan, da ya koyi cewa inda mai fatsa yake akwai abinci, gobe wani zai bi, ƙarshenta shi dabban ne zai kwana a ciki. Ya fitar da mu daga ruwa, yini guda cikin biyar ya tafi, ga kuɗin da Yaya ya kashe.

Wanda zai je, don Allah ya rataye almakashi a ƙirji, ya kuma gwada tsinke zare tun a bakin masauki har hannunsa ya saba. Ni kwaɗayin daƙiƙa goma ne ya ja min.

Washegari wata uwar beyar ta ɓullo da 'ya'yanta biyu a ƙetaren kogi. Kafin kowa ya buɗe baki na naɗe zarena, muka hau tudu muna kallonta tana yage musu salmon.